Shuɗiyar Gangar da Na Kai wa Yayata

Sunana ba zai ƙare ku da komai ba, samari, don haka na ajiye shi gefe. Abin da nake so ku sani shi ne, kafin ranar da aka tsayar da ni gaban alƙali a Yamai, ni direba ne da masu motoci ke rububin ɗauka. Ba na shan komai, ba na gyangyaɗi a kan sitiyari, ban taɓa kayar da mota ba. A wani ƙauye kusa da Madawa aka haife ni. Mahaifiyarmu ta rasu ina rarrafe, yayata Rabi ce ta goya ni. Da ta auri wani tela mai suna Malam Isufu suka taho Yamai neman abinci, ba ta bar ni a ƙauye ba. Ta haɗa ni da kayan ɗakinta, muka sauka a unguwar Bukoki.

Zoɓo da lemun tsamiya Yaya Rabi ke sayarwa a ƙofar gida. Duk layinmu an san hannunta, don ba ta rowar citta da na'ana'a. Da ribar ledojin nan ta ciyar da ni, da ita kuma ta biya mini kuɗin permi, wato lasisin direba, na koyi tuƙi. Tana da wata ɗabi'a da nake yi mata tsiya a kai ina yaro. Duk wanda ya shigo gidanta, ko da jiya suka yi cacar baki, ba ta amsa gaisuwarsa sai ta miƙa masa ruwa. In ka ce ba ka jin ƙishi sai ta ce, "Sha dai, ba a zama Yamai a rasa ƙishi."

Satata ta farko ba ta yi mini kama da sata ba. Ina yaron mota, maigidana direba kan zuƙi man gazuwal daga tanki ya sayar a hanya, yana kiran abin shan shayin mota. Da aka danƙa mini babbar mota ina zuwa bakin teku a maƙwabciyar ƙasa ɗauko kaya, ni ma na ci gaba da shan shayin. Daga nan na fara cusa kayan da ba sa cikin takarda a ƙarƙashin lodi: matattun firij, tsofaffin batura, talabijin da suka gama aikinsu a Turai aka turo mana gawarsu. Duk lokacin da zuciyata ta yi mini magana sai in ce mata kowa ma haka yake yi. Ta yi ta magana har ta gaji ta yi shiru.

A tashar jiragen ruwa na haɗu da Abdu Tiransi, ɗaya daga masu yi wa kaya takardun fita. Mutum ne mai ƙamshin turare da gogaggiyar shadda, ban taɓa ganin ya taɓa kaya da hannunsa ba. Wata rana ya ja ni inuwa ya ce, "Kai ɗan Madawa, ba ka gaji da tsintar tsaba ba? Akwai ganguna da nike son a kai Yamai. A takarda man injin ne."

Na ce, "A cikin gangar fa?"

Ya ce, "Kai direba ne ko likita?"

Daga baya dai ya faɗa mini. Ragowar gubar masana'antu ce da tsohon maganin ƙwari da aka hana amfani da shi a ƙasar da ya fito. Can, kuɗin lalata shi ya fi kuɗin turo shi, shi ya sa masu shi ke neman inda ba a tambaya. Aikina in tsallaka da shi iyaka, in kai shi wani tsohon ramin da aka haƙi marmara a bayan gari, in ɗauki leburori su binne. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini, ya kuma maimaita shi. Ya ce, "Ka binne su da murhinsu. Kar ka buɗe ko guda."

Ba zan yi muku ƙarya in ce ban sani ba. Da hannuna na taya ɓamɓare takardun da ke manne jikin gangunan, masu hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa. Muka jera shuɗɗan gangunan roba a can ciki, muka tare bakin mota da gangunan man injin na gaske. Na daidaita tafiyata na isa iyaka da tsakar rana, lokacin da layin motoci ya yi tsawo kowa ya galabaita. Ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya duba takarda, ya sa aka buɗe ganga ɗaya a bakin mota, ya tsoma sanda ya ga mai, ya ce in wuce. Shi ya yi aikinsa. Ni na yaudare shi, har ina yi masa addu'ar Allah ya ƙara girma.

Da na isa bakin ramin na tsaya ina kallon gangunan, sai kwaɗayi na biyu ya taso, wanda ko Abdu bai san da shi ba. Duk wanda ya yi bazara a Yamai ya san darajar ganga. Famfo ya ɗauke, 'yan garuwa su tsawwala, mata su yi ta jeren bido, wato jarkokin ruwa, a bakin rijiyar burtsatse. Shuɗiyar ganga mai murfi dukiya ce, har cikin kayan amarya ake sa ta. Ga shi kuma na tashi a gefen kasuwar Katako, inda ba abin da ke mutuwa. Tsohuwar taya ta zama guga, gwangwani ya zama mazurari, ƙarfen mota ya zama murhu. Mutumin da ya girma a garin da ba a yar da gwangwanin tumatir, shi za a ce ya binne ganga sabuwa fil? Hannuna ya ƙi.

Na buɗe su ɗaya bayan ɗaya na tuttule a ramin. Wani ruwa ne mai kauri, ja-ja baƙi-baƙi, warinsa ya sa idanuna hawaye har na yi amai. Na watsa ƙasa a kai sama-sama. Kuɗin leburori ya shiga aljihuna. Gangunan kuwa na wanke su da omo da toka, na shanya a rana, na kai wa wani dillali a Katako, kafin la'asar sun ƙare. Na ci a wajen Abdu, na ci a wajen leburorin da ban ɗauka ba, na ci a Katako. Ranar nan ji nake duk Yamai ba mai wayona.

Na yi irin wannan tafiya ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na sayi babur, na ɗinka shadda irin ta Abdu, yaran tasha suka fara kirana Alhaji ban ko ga filin jirgi ba. Na kama ɗaki a Lamorde, a ƙetaren kogi, mai ɗan fili a baya inda nake shanya gangunan kafin in kai kasuwa.

Can Yaya Rabi ta same ni wata ranar Lahadi. Ta zo ganin sabon ɗakina ne, ta kuma yi mini faɗan rashin aure. Ta zagaya baya neman buta, sai na ji muryarta.

"Kai, Auta! Ganguna haka jibge, ni ko ina can ina hwama da bido? Mi anka zubo ciki?"

Na ce, "Ruwan sukari ne na masu lemon kwalba, Yaya."

Ta cusa kanta cikin ɗaya ta shinshina. Ƙamshin omo ta ji. Ta ɗago tana murmushi ta ce, "To, ka ba ni guda."

Na ce an riga an saye su duka. Ta yi dariya ta ce, "Sai ka maida ma mai su kuɗin guda. Bayan da ya goya ka ya hi shi daɗewa a layi."

A gidanmu ƙane ba ya ce wa yayar da ta goya shi a'a, sai da dalili mai ƙarfi. Dalilin kuwa ina da shi, yana bakina. Amma in na faɗa, sai ta tambayi abin da ke ciki, daga nan ta tambayi inda babur da shadda suka fito. Na ji kunyar ta san ko ni wane ne. Sai na lallashi kaina cewa ai na wanke da omo da toka, rana kuma ta dake ta. Ban san roba tana shan guba yadda tukunyar ƙasa ke shan mai ba, ko kuma in ce ban so in sani ba. Da hannuna na ɗaure gangar a bayan babur, na kai ta Bukoki, na ajiye mata a gindin bango. Ta yi ta sa mini albarka har maƙwabta suka leƙo.

Da ruwan gangar nan take sha, da shi take jiƙa zoɓo da tsamiya. Ciwon kai ya fara zuwa, ta ce zafin gari ne. Masu saye suka ce zoɓon yana ɗan ɗaci a maƙoshi, ta ƙara sukari da na'ana'a. Daga nan sai jiri da tashin zuciya, sai hannuwanta suka fara rawa har ba ta iya ƙulla bakin leda. Malam Isufu da yake a shago yake wuni, abin bai kama shi sosai ba, shi ya sa ba wanda ya zargi ruwa. Aka ce iska ce, aka ce sammu ne na masu baƙin cikin cinikinta. Aka karɓo mata rubutu. Ina zaune a tsakar gidan aka ɗebo ruwa daga gangar aka wanke allon, ta yi bisimilla ta shanye. Na sunkuyar da kai ina wasa da makullin babur.

Maimakon in buɗe baki, sai na koma dabara irin ta ɓarayi. Wata rana da azahar tana barci, na sa ƙusa na huda gindin gangar, ruwan ya tsiyaye. Na tafi bakin teku da sanyin zuciya, ina cewa na rabu da ita. Da na dawo na tarar da gangar a inda take, cike taf. An kira mai liƙin roba ya narka wani guntu ya toshe hujin. Yaya ta ce, "Tsarabar ƙanena ce, ko ta tsage biyu sai an liƙe ta." Na je na sayo mata sabuwa daga kanti, wadda ba a taɓa zuba komai ciki ba, na ce a yar da tsohuwar. Ta yi godiya, ta ɗauki sabuwar ta ba maƙwabciyarta Haisa, wata Bazabarma mai ciki da ba ta da abin tara ruwa. Ta ce ita tata ta ishe ta. Kalma ɗaya ce za ta raba ta da gangar nan, na yi komai ban da faɗinta.

Da damina ta sauka asirina ya fara tonuwa ta inda ban zata ba. Ruwa ya taru a ramin marmara, shanun wasu makiyaya suka sha suka zube. Jami'an kare muhalli suka shiga bincike. A kwanakin nan ne kuma Yaya ta yanke jiki ta faɗi a bakin teburinta. A asibiti likitoci suka lura mutanen layinmu da dama sun zo da ciwo iri ɗaya, kuma dukansu masu shan zoɓon Rabi ne. Haisa ma tana cikinsu, cikinta ya zube. Likitoci ba su ce ruwan ne ya jawo ba, ba su kuma ce ba shi ba ne. Aka je gida aka ɗauke gangar don a gwada.

Ina tsaye a ƙarshen gadonta ranar da wani jami'i ya dawo da sakamako. Ya ce gangar nan guba aka zubo cikinta daga wata ƙasa, irin wadda ta kashe shanu a bayan gari. Ya ce, "Hajiya, wa ya ba ki ita?"

Yaya ta juyo ta kalle ni. Ba ta daɗe ba, amma na san ta gane komai, har da hujin ƙusa da sabuwar ganga. Sai ta mai da kai wajen jami'in ta ce, "Kasuwa na saye ta, ɗana. Ban riƙe huskar mai ita ba."

Jami'in ya ce in ba a samu mai ita ba, ita za ta amsa tambayar mutanen da suka kwanta. Ta ce ta ji.

Nan ne wurin da ya kamata in ce ga ni. Ban ce ba. Na fita kamar mai zuwa sayen magani, na haye Lamorde, na kwashe sauran gangunan na ɓatar. A Bukoki kuwa aka sa mata suna mai zoɓon guba. Wasu suka farfasa teburinta, matan da suka shekara suna aron turminta suka daina gaishe da mijinta. Tana kwance tana ɗauke da laifina, ni ina ɓoye a gareji ina cewa motata ce ta lalace. A duk abin da na aikata, wannan ne in na tuna nake rasa inda zan sa fuskata.

Ba ni na kai kaina ba, kada wani ya yaba mini. Dillalin Katako aka kama da irin gangunan, shi ya nuna ni. Jandarmomi suka same ni a ƙarƙashin mota suka jawo ni ta ƙafa.

A kotu ne na ji dalilin dokar da na daɗe ina tsallakewa. Alƙali ya yi bayani, tafinta yana juya mini. Ya ce irin wannan kaya ba ya barin ƙasa sai ƙasar da ya fito ta sanar, duk ƙasar da zai ratsa ta yarda, wadda za ta karɓa kuma tana da wurin lalata shi. Ya ce ƙasarmu da wasu ƙasashen Afirka ma sun riga sun yi alkawarin ba za su karɓi sharar guba daga waje ba ko da nawa za a biya, don ba mu da inda za mu kai ta sai cikin ruwanmu da gonakinmu. Da ni a ganina duk takardun iyaka wahalar da direba ne kawai. Sannan ya yi mini tambayar da har yau ban amsa ba. Ya ce, "Sauran gangunan da ka sayar, a gidajen wa suke yanzu?"

Ban sani ba. An yi ta sanarwa a rediyo cewa duk wanda ya sayi shuɗiyar ganga a wajen dillalin nan ya kawo. Wasu sun kawo, da yawa ba su kawo ba, kuma ban ga laifinsu ba, don na san abin da ya hana ni binne su shi ya hana su rabuwa da su. Wayar Abdu Tiransi ta daina shiga tun ranar da aka kama ni. Kamfanin da ke rubuce a takarda aka nema aka rasa, don haka ba a ma san wanda za a mayar wa da kayansa ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Aka yanke mini shekaru a kaso, aka karɓe permina.

Ba zan cika ku da labarin kaso ba, zafi ne da cunkoso da ƙaiƙayi. Abu ɗaya zan faɗa. Ruwan shanmu a cikin wata shuɗiyar ganga ake tara shi a tsakar fili. Kullum in na tsoma moɗa sai hannuna ya tsaya, in tambayi kaina daga ina ta fito, wa ya wanke ta. Yaya ba ta taɓa zuwa ba. Malam Isufu ne ke kawo mini tuwo ranar Juma'a, ya ajiye ya juya. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce, "Malam, ya jikin Yaya?"

Ya ce, "Ta bar sana'a. Ba ta iya riƙe muciya, Haisa ka tuƙa mata tuwo." Sannan ya ce, "Yayarka ka cewa a ɗibar maka."

Ranar nan ban iya cin tuwon ba, na ba wani.

Da aka sake ni na yi ta zagaye a gari kafin ƙafata ta yarda ta shiga Bukoki. Inda teburin zoɓo yake da, wata mai tuyar ƙosai ce ke zaune. Na yi sallama a ƙofa da muryar da ni kaina ban gane ba. Yaya na zaune a kan tabarma, ta rame, ta tsufa fiye da shekarunta. Na durƙusa daga nesa na fara jero kalmomin da na shekara ina shiryawa. Ba ta amsa ba. Ta dafa bango ta miƙe, ta shiga rumfa, ta fito da kofin silba a hannu biyu. Hannuwan suna rawa, ruwan yana zuba a kan zanenta da ƙafafunta, kafin ta iso gare ni rabi ya zube.

Ta ce, "Sha, Auta. Na randa ne."

Na karɓa na sha ina kuka. Sai da na shanye ta amsa gaisuwata. Daga baya ta ce ta yafe nata, amma na Haisa da na masu shanu ba a hannunta yake ba, in je in nema da kaina. Na je. Wasu sun yafe, wasu sun rufe mini ƙofa, kuma suna da gaskiya. Na tuba ga Allah, ina kuma roƙon ya karɓa. Yanzu wankin mota nake yi a bakin tasha, in na ga mace ta ɗauko ganga daga kasuwa nakan tare ta in tambayi abin da aka zubo ciki. Wasu mahaukaci suke ɗaukata.

Samari, musamman ku masu shiga mota da masu aikin kaya a tasha, ku ji daga bakin wanda ya taɓa wutar. Kada ku raina shan shayin mota, daga nan hanyar take farawa. In aka ce ku ɗauki kayan da sunansa na takarda daban, na cikinsa daban, ku bar shi ko nawa ne. Wanda ya biya ku don ku tsallaka da abin da ya kasa ajiyewa a ƙasarsa, ya san abin da ya sa ya kasa, kuma ranar da ta ɓaci ba za ku same shi a waya ba. Kada ku tara ruwan sha a gangar da ba ku san asalinta ba, omo ba ya wanke komai da komai. In kuma har kun riga kun yi kuskuren, ku faɗa tun da wuri, ko kunya za ta kashe ku. Ni na ji kunyar minti kaɗan a gaban yayata, na ƙi faɗa. Yanzu kullum da safe ni nake zuwa Bukoki in ɗebo mata ruwa, in riƙe mata kofi ta sha, don har yau hannuwan da suka goya ni ba su daina rawa ba.